Tsohuwar Tekila: Yadda Masana ke Auna Barasar Meziko da ta Shekara a Ganga

Tekila barasa ce da ake tatowa daga wani tsiro mai ƙaya da ake kira agabe, kuma dokar ƙasar Meziko ba ta yarda a sa wa wata barasa wannan suna ba sai wadda aka yi a cikin yankin da aka shata mata. Sunan na wani gari ne a jihar Halisko, kimanin kilomita 60 arewa maso yamma da birnin Gwadalahara, wanda ke zaune a gindin wani dutse mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru. A ƙasashen waje an fi sanin tekila da abin da ake kwankwaɗewa a tashi ɗaya daga ɗan ƙaramin kofi, a bi da gishiri da lemon tsami don kashe zafinta. Amma akwai wani aji nata da ba a yi masa haka, wato wadda ta shekara ɗaya, ko uku, ko fiye, kwance cikin gangar katako. Masu shan irin wannan kan zuba kaɗan, su daɗe suna sunsunawa, sannan su riƙa kurɓa, har abin da bai wuce babban cokali uku ba ya ɗauke su rabin sa'a.

A ƙasar Hausa, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne kuma addini ya haramta barasa kowace iri, galibi sunan kawai aka sani, ta finafinan Amurka da labaran gidajen rawa na Legas, inda kwalaben Don Julio 1942 da Clase Azul suka zama alamar mai abin hannu. Bayan sunan kuwa akwai noma mai cin shekaru, da sana'ar hannu da ɗa ke gada wurin uba, da ciniki na biliyoyin daloli. A 2022 Meziko ta yi tekila sama da lita miliyan 600, ta fitar da fiye da miliyan 400 zuwa waje, mafi yawa zuwa Amurka. Masanan da ke auna ingancin tsohuwar tekila tambaya guda suke yawan komawa gare ta: bayan duk zaman da ta yi a ganga, har yanzu ana jin agaben, ko katako ya danne shi?

Shekarun gona

Nau'in agabe ya kai wajen 200, amma ɗaya tak doka ta amince a yi tekila da shi, shi ne shuɗin agabe. Masana tsirrai suna haɗa sunansa da na wani likita Bafaranshe mai suna Weber, wanda ya siffanta shi a 1902. Ganyensa dogaye ne masu kauri da tsini, launinsu tsakanin shuɗi da toka, duk sun fito daga curi guda da ke zaune a kan ƙasa. A cikin wannan curi tsiron ke tara abincinsa, kuma yakan ɗauki shekara 5 zuwa 8 kafin ya nuna. Ke nan tekilar da ta yi shekara uku a ganga ta riga ta yi ninkin haka a gona, kuma masana da yawa suna ganin shekarun gonar ne suka fi tasiri a kan abin da zai ƙare a kofi.

Idan agabe ya balaga, sai ya harba wani dogon kara sama, mai tsawon mita da dama, domin ya yi fure sau ɗaya a rayuwarsa ya mutu. Manoma kan sare karan tun yana ƙarami don kada ya zuƙe sukarin curin. Tunda an hana shi fure, ba a shuka shi da iri. 'Ya'yan da ke tohowa a gefen uwa ake cirewa a dasa. Sakamakon haka gonakin Halisko kusan tsiro ɗaya ne aka maimaita sau miliyoyi, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama duka. Haka ya faru a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da cututtuka suka lalata gonaki masu yawa, agabe ya yi ƙaranci, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a wajajen 2000. A daji jemagu ne ke yi wa furen agabe barbara da dare. Wani masanin jemagu ɗan Meziko, Rodrigo Medellín, ya jagoranci wani shiri da ke neman manoma su bar kashi 5 cikin 100 na agabensu ya yi fure, don jemagu su samu abinci, tsiron kuma ya samu sabon jini.

Mai girbin agabe ana kiransa himador, kayan aikinsa kuma koa, wani ƙarfe fale-fale mai zagayayyen baki a kan doguwar ƙota, wanda ake wasawa har ya yi kaifin aska. Yakan sare saiwa ya ture tsiron ya kwanta, sannan ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya yana datsewa, yana juya curin da ƙafa, har ya rage fari da ɗigo-ɗigon kore a inda ganyen suka fita. Masu aikin suna kiran curin pinya saboda kamarsa da abarba, sai dai nauyinsa kan kai kilo 20 zuwa 60, wani ma ya wuce. Yadda himador ya yi askin yana da muhimmanci: idan ya bar gindin ganye da tsawo, nauyin kaya ya ƙaru a sikeli, amma ɗaci da maiƙon ganyen za su bi barasar har kwalba. Ana ƙiyasta cewa lita ɗaya ta tekila zalla tana cin kimanin kilo 7 na curi.

Ƙasa ma tana da nata rabon. A kwarin da ke kewaye da garuruwan Tekila da Amatitan ƙasar baƙa ce ta tokar dutse, kuma ana siffanta tekilar wurin da ƙamshin ganye da ƙasa da yajin masoro. A tuddan gabashin jihar, wajen Arandas da Atotonilko, inda tsayin ƙasa ke kaiwa wajen mita 2,000 kuma dare ke da sanyi, ƙasar ja ce mai sinadarin ƙarfe, curin ya fi girma da zaƙi, barasar kuma ta fi karkata ga ƙamshin 'ya'yan itace da fure. Bambancin yana nan, ko da yake manyan masana'antu suna sayen agabe daga ko'ina su gauraya, don haka inda masana'anta take ba lallai ya nuna inda tsironta ya fito ba. A 2006 hukumar UNESCO ta sa gonakin agaben kwarin Tekila da tsoffin masana'antunsa cikin wuraren tarihi na duniya.

Daga tanda zuwa tukunya

Ɗanyen curi ba shi da zaƙi, domin sukarinsa a ɗaure yake, sai an dafa shi yake saki. A tsohuwar hanya ana faskara curin a jera shi cikin tandar bulo ko dutse, a rufe, a saki tururi na kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a bar shi ya huce a ciki. Yana fitowa ruwan ƙasa, da laushi da danƙo, ɗanɗanonsa kusa da na gasasshen dankalin Hausa da aka zuba wa zuma. Wannan shi ne ƙamshin da masu ɗanɗano ke nema a kowace tekila, sabuwa ko tsohuwa, kuma wanda bai taɓa jinsa ba ba zai gane lokacin da ya ɓace ba. Shi ya sa masana'antun da ke karɓar baƙi kan miƙa musu ɗan yankin dafaffen agabe su tauna kafin a nuna musu komai.

Akwai hanyoyi biyu mafi sauri. Ɗaya babbar tukunyar ƙarfe ce mai matsa tururi, wadda ke gama dahuwar cikin sa'o'i. Ɗayar na'ura ce da ke yayyanka ɗanyen curi ta wanke sukarinsa da ruwan zafi, a dafa ruwan daga baya. Wannan ta biyun tana tatse kusan duk sukarin, tana kuma karɓar agaben da bai gama nuna ba, amma barasar da take bayarwa kan fito salam, babu garɗin dahuwa. Yawancin gardamar da ake yi kan ingancin tekila a yau daga nan ta samo tushe.

Bayan dahuwa sai matsa. Gidajen da suka riƙe gargajiya suna amfani da tahona, wani zagayayyen dutse mai nauyin wajen tan biyu da ke kewayawa cikin rami yana murƙushe curin. Da can alfadari ke jansa, yanzu galibi inji. Saura suna amfani da injin matsa irin na rake. Ruwan da ya fito ana zuba shi a manyan kwantena na katako ko ƙarfe, a sa masa yis ko a bar na iska ya faɗa, ya tsima na wasu kwanaki. Daga nan a tace shi ta hanyar tururi, aƙalla sau biyu, a tukwanen jan ƙarfe ko na farin ƙarfe. Tata ta farko kan ba da ruwa mai ƙarfin kashi 20 da ɗoriya cikin 100, ta biyu kuma ta kai shi wajen kashi 55. Mai kula da tukunya yana ware abin da ya fara ɗigowa da abin da ya zo a ƙarshe, ya riƙe na tsakiya, kuma inda ya yanke iyakar nan yana cikin abubuwan da ke bambanta gida da gida. Abin da ya fito fari ne tas. Duk launin da aka gani a tekila daga baya ya shigo.

Tarihi da doka

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Meziko suna tsima ruwan agabe su sha, suna kiransa pulke. Fasahar tata ta tururi ta shigo a ƙarni na 16 tare da Sifaniyawa, da kuma 'yan Filifin da jiragen Manila suka riƙa saukewa a gaɓar yamma. Iyalan Cuervo sun samu fili a yankin Tekila a 1758, suka samu lasisin sarkin Sifaniya a 1795. Kamfanin Herradura ya kafu a Amatitan a 1870, na Sauza kuma a 1873. Tsawon wannan zamani galibin tekila fara ce, abin shan leburori da makiyaya.

A 1974 gwamnatin Meziko ta ayyana sunan tekila a matsayin mallakar yanki. Yau yankin ya ƙunshi jihar Halisko baki ɗaya da wasu sassan jihohin Michoacán, Tamaulipas, Nayarit da Guanajuato, ƙananan hukumomi 181 ke nan. A 1994 hukumar sa ido kan tekila, wadda aka fi sani da CRT, ta fara aiki, da masu bincike a cikin masana'antu. Doka ta raba tekila gida biyu: wadda duk sukarinta daga agabe ne, wadda ake rubuta wa "100% de agave" kuma dole a ɗura ta a kwalba a cikin yankin, da kuma gauraye, wadda ta isa a kira ta tekila idan kashi 51 cikin 100 na sukarinta na agabe ne. Ta fuskar shekaru kuwa, blanko ita ce fara. Reposado ta yi aƙalla wata biyu a katako. Anyeho, wadda ake rubutawa añejo a kwalba, ta yi aƙalla shekara ɗaya a gangar da ba ta wuce lita 600 ba. Ekstra anyeho kuma shekara uku zuwa sama. Wannan aji na ƙarshe sai a 2006 doka ta shigar da shi.

Al'adar kurɓar tsohuwar tekila, ashe, ba ta daɗe ba. Herradura na cewa shi ya fara fitar da reposado a 1974. A farkon shekarun 1980 tekilar Chinaco ta jihar Tamaulipas ta shiga kasuwar Amurka da farashi irin na barasar konyak, Patrón ya biyo baya a 1989, sannan a 1995 Cuervo ya fitar da Reserva de la Familia don bikin cika shekara 200. Kuɗin da ya biyo baya mai yawa ne: a 2017 kamfanin Diageo ya sayi Casamigos na ɗan fim George Clooney da abokansa a kan abin da zai kai dala biliyan 1, a 2018 kuma Bacardi ya mallaki Patrón a cinikin da ya ƙiyasta darajarsa dala biliyan 5.1.

Aikin ganga

Mafi yawan gangunan da ake ajiye tekila na itacen ok ne na Amurka, masu cin wajen lita 200, waɗanda aka riga aka ajiye wiskin burbon a ciki. Dalili shi ne dokar Amurka ta tilasta a yi burbon a sabuwar ganga da aka babbake cikinta, don haka masu yin sa suna sayar da tsoffin da araha. Wasu gidaje kan yi amfani da ok na Faransa, ko gangar da ta taɓa ɗaukar konyak ko giyar inabi.

Da rana ta yi zafi katako yana buɗewa barasa ta kutsa cikinsa, da dare ya yi sanyi ya matse ta dawo, kuma kowace dawowa da guzuri take yi. Daga katakon take samun ƙamshin banila, da na kwakwa wanda ok na Amurka ya fi bayarwa, da na ƙonannen sukari daga inda wuta ta lasa, da ɗan kirfa da kanumfari, da bauri. Gawayin da ke cikin gangar yana tsotse wasu ƙamshi masu kaushi, iskar da ke ratsa katako kuma tana tausasa saura. Wani kaso na barasar yana bin iska kowace shekara, kuma a yanayin Halisko asarar ta fi ta ƙasashe masu sanyi irin Sikotilan, inda ake lissafa kimanin kashi 2 cikin 100. Wannan na daga cikin abin da ke sa tsohuwar tekila tsada.

Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai saye a ko'ina yakan ɗauka mafi tsufa shi ne mafi kyau. A tekila wannan zato yana da iyaka. Wiski daga hatsi ake yin sa, kuma yawancin halinsa daga ganga yake samowa, shi ya sa yake jure shekara 12 ko 18. Tekila kuwa da halinta take shiga ganga, katako yana ƙara mata wani abu yana kuma rage wani. A shekara ta farko da ta biyu ana samun daidaito, zaƙin agabe da na katako suna tafiya tare. Idan aka zarce shekara huɗu ko biyar, musamman a sabuwar ganga, sau da yawa agaben kan nutse, a samu abin da ba a iya bambanta shi da konyak ko burbon. Yana iya yin daɗi a bakin mai shansa, amma shekarun gona sun tafi a banza. Ƙwararrun masu ajiya kan kauce wa haka ta amfani da gangar da ta tsufa ta gaji, ko ta gauraya gangunan shekaru daban-daban.

Zaman ɗanɗano

Kofin gargajiya na tekila ɗan siriri ne dogo, ana kiransa kabayito, kuma bai dace da wannan aiki ba domin ba ya tara ƙamshi. Masu ɗanɗano suna amfani da kofin gilashi mai ƙafa, mai ɗan faɗin ciki da tsukakken baki. A farkon shekarun 2000 kamfanin Riedel na Ostiriya ya ƙera irinsa musamman don tekila tare da masanan Meziko. Ana zuba kaɗan, babu ƙanƙara, domin sanyi yana kulle ƙamshi, a bar shi ya huta na 'yan mintoci.

Da ido ake farawa. Mai ɗanɗano yakan karkata kofin a kan farar takarda ya duba launi: reposado ruwan bambaro, anyeho ruwan zuma, ekstra anyeho kuma ya yi duhu ya ja zuwa ja. Sannan ya juya kofin a hankali ya ga yadda ruwan ke gangarowa a jikin gilashi, sirara da sauri ko kauri da nawa. Wannan yana nuna ƙarfin barasar da kaurinta, amma ido shi ne shaidar da ta fi sauƙin ruɗi, domin ana iya ƙara launi, ana iya ƙara kauri.

Hanci ne ke yin mafi yawan aikin. Tekila tana da ƙarfin kashi 35 zuwa 55 cikin 100 bisa doka. Ta kasuwar Meziko galibi 35 zuwa 38, ta Amurka 40. Wanda ya cusa hanci ya ja numfashi da ƙarfi, zafin zai toshe masa hancin na ɗan lokaci. Saboda haka ana kusantar kofin sannu a hankali, baki a ɗan buɗe, a yi gajerun shaƙa. A Meziko ana koyar da a karkata kofin a sunsuna wuri uku, bakin ƙasa da tsakiya da bakin sama, domin ƙamshi masu nauyi da marasa nauyi ba sa taruwa wuri ɗaya. Abin da ake nema hawa uku ne. Na farko na tsiron ne: dafaffen agabe, ɗanyen ganye, ɓawon lemo, masoro, jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na biyu na tsimi da tata: 'ya'yan itace, fure, wani lokaci ɗan ƙamshin man shanu. Na uku na ganga: banila, ƙonannen sukari, cakulan, busasshen inabi, taba, ƙaurin hayaƙi. Tsohuwar tekila mai kyau tana da duka ukun, kuma suna fitowa bi da bi yayin da kofin ke zaune. Idan banila ce ta fara, ita ce a tsakiya, ita ce a ƙarshe, akwai abin dubawa.

Waɗannan sunaye suna da tushe a ilimin sinadarai. A wani bincike da Benn da Peppard suka wallafa a 1996 an gano sinadarai sama da 175 a tekila, cikinsu har da wanda ke ba banila ƙamshinta da wanda ke cikin furen wardi. Wata masaniyar tekila 'yar Meziko, Ana María Romero Mena, ta tsara taswirar ƙamshin tekila da ake koyarwa da ita, don masu ɗanɗano su samu harshe ɗaya da za su yi magana da shi.

Kurɓar farko ba a yanke hukunci da ita. Ta sabar da baki ce kawai. Mutanen Halisko kan ce da sumba ake shan tekila, wato abin da zai jiƙa leɓe da harshe. A kurɓa ta biyu ana jan numfashi tukuna, a riƙe ruwan a baki na 'yan daƙiƙoƙi ya zagaye harshe da dasashi, sannan a fitar da numfashin ta hanci, lokacin ne ƙamshin ke tasowa ta baya. Ana lura da nauyinsa a baki, ko tsararo ne ko mai maiƙo. Da zaƙinsa, ko na dafaffen tsiro ne mai zuwa da ɗan ɗaci a bayansa ko na sukari mai manne wa harshe. Da baurin katako, wanda kaɗan daga cikinsa ke tsayar da ɗanɗano, mai yawa kuma ya busar da baki. Ɗumi a ƙirji ba aibi ba ne, amma maƙaƙi a maƙogwaro alama ce ta tatar da aka yi cikin gaggawa. Haka ma warin fenti ko na rima. Daga ƙarshe sai abin da ya saura bayan baki ya koma wofi: tekila mai kyau tana daɗewa tana sauya ɗanɗano, kuma sau da yawa a nan ne agaben da ya ɓuya ƙarƙashin katako yake sake bayyana. Wasu kan ajiye kofin da ya ƙare su dawo su sunsuna shi bayan wani lokaci, domin idan zafin ya tashi ƙamshin asali ne ke zama.

Hanyar da ta fi koyar da mutum ita ce a jera blanko da reposado da anyeho na gida ɗaya, a fara da farar, ana kurkure baki da ruwa a tsakani. A nan aikin ganga ke fitowa fili, haka ma gaskiyar gidan, domin gidan da farar tekilarsa ba ta da kirki ganga ba za ta gyara masa ita ba, sai dai ta rufa masa asiri. A Meziko ana yawan raka blanko da reposado da sangrita, wani haɗin ruwan lemo da barkono wanda babu barasa a ciki; anyeho kuwa ita kaɗai ake sha, ko da ɗan baƙin cakulan.

Alƙalan gasa da masu gwaji a masana'antu suna furzar da abin da suka kurɓa, domin hanci da harshe ne ke aikin. Tsufa da tsada ba sa canza sinadarin da ke bugarwa, kuma maganar da ake yaɗawa cewa tekilar agabe zalla ba ta cutarwa ba ta da tushe. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya.

Abin da kwalba ke faɗa da wanda take ɓoyewa

Kowace kwalbar tekila ta gaskiya tana ɗauke da haruffan NOM da lamba mai alƙaluma huɗu, wadda ke nuna masana'antar da ta yi ta. Sunayen tekila a kasuwa sun haura dubu, masana'antun kuwa ba su kai ko kusa da haka ba, don haka masana'anta guda kan yi wa sunaye da dama aiki, kuma kwalabe biyu masu bambancin farashi ƙwarai suna iya fitowa daga tukunya ɗaya.

Abin da kwalba ba ta faɗa shi ne ƙari. Doka ta halatta a tausasa tekila da abubuwa huɗu, wato launin ƙonannen sukari, ruwan katakon ok, gilisarin da ruwan sukari, muddin ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma ba dole a rubuta ba, ko da a kan wadda aka rubuta wa agabe zalla. Asalin manufar a daidaita launi da ɗanɗano tsakanin ganga da ganga ne. Sai dai sinadaran zamani suna da ƙarfin da ɗan kaɗan ya isa ya sa barasar ƙaramin agabe ta yi kama da wadda ta daɗe a ganga, da launi da kauri da ƙamshin kek. A nan gizo ke saƙa, domin wanda ya saba da irin wannan yakan ji tekilar gaskiya ta yi masa kaushi. Daga 2020 wani shiri mai zaman kansa na Tequila Matchmaker ya riƙa ziyartar masana'antu yana tantance waɗanda ba sa ƙari, abin da ya jawo taƙaddama da hukumar CRT, wadda ke cewa ita kaɗai ke da hurumin ba da shaida a kan tekila.

Akwai kuma kiristalino, anyeho da ake tacewa da gawayi har launinta ya gushe ta koma fara. Ta samu karɓuwa sosai a Meziko tun bayan fitowar Don Julio 70 a farkon shekarun 2010. Tana da santsi da zaƙi, amma gawayin da ya ɗauke launi yana tafiya da wani ɓangare na ƙamshin ganga da na agabe, shi ya sa masu ra'ayin gargajiya ba sa ɗaukarta da muhimmanci.

Duk wannan yana komawa ga farashin agabe, wanda ke hawa da sauka saboda tazarar shekaru tsakanin dashe da girbi. A wajajen 2019 zuwa 2021 kilo ɗaya ya kai kusan peso 30 na kuɗin Meziko, aka riƙa tumɓuke agaben da bai nuna ba don biyan buƙatar kasuwa, manoma kuma suka cika gonaki da sabon dashe. Da dashen ya fara nuna sai farashi ya faɗi ƙasa da peso 10 kafin 2024, a daidai lokacin da cinikin Amurka ya lafa. A ƙarshen 2023 masana'antun Meziko suna riƙe da tekila sama da lita miliyan 500 da ba a sayar ba, wani kaso a tankunan ƙarfe, wani a ganguna, inda zafin Halisko ke rage ta kowace shekara, katako kuma ke ci gaba da shigarta ko mai ita ya shirya sayarwa ko bai shirya ba.